Jabel ko Girezil? Yadda Ake Tsabtace Akwatin Maciji da Makwancin Kunkuru

A shagunan Birnin Ƙonni, ko a teburin mai sayar da maganin dabbobi ranar kasuwa, kwalaben kashe ƙwayoyin cuta wuri guda ake jera su. Ga jabel mai rubutun Faransanci, ga Jik da Hypo da suka ƙetaro daga Illela ta Najeriya, ga girezil a gwangwani, ga Izal, ga Dettol. Idan mutumin Bazaga ya zo ya ce, "Alhaji, ba ni abin da zan wanke wurin kunkuruna, ɗoyi ya hana iyali sakat," yawanci wanda ya fi wari ake miƙo masa. Mai shago ba da mugunta ya yi ba. A wurinsa, da ma a wurin yawancinmu, wari mai hawa kai shi ne shaidar cewa magani na aiki. Sai dai abin da ya dace da masai da garken awaki yana iya zama ajalin dabba mai jan ciki, kuma ba nan take yake kashewa ba, balle a gane mai laifi. Kunkuru zai daina cin abinci, idonsa ya kumbura, bayan mako biyu ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare.

Mutanenmu ba baƙi ba ne ga ajiye irin waɗannan dabbobi, ko da yake ba a akwatin gilashi mai fitila irin na Turai muke sa su ba. Akwai babban kunkurun nan na Sahel da ake samu a gidajen sarakai da na attajirai, har da gidajen talakawan da suka gaje shi daga kakanni. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma yana iya daɗewa fiye da wanda ya kawo shi gidan. Akwai gardawa masu yawo kasuwa-kasuwa da gamsheƙa da kasa da mesa a cikin akwatin katako ko kwando. Akwai samarin da ke ɗaure damo ko guza a bayan ɗaki. Ba ina kiran kowa ya shiga daji kamu ba ne. Kunkurun nan yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, kuma Nijar na da dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998, wadda ma'aikatan gandun daji ke aiki da ita. Maganata kan dabbar da ta riga ta zo hannu ce, wadda haƙƙin cinta da shanta da tsabtar makwancinta ya hau wuyan mai ita.

Dalilin da ya sa ake kaffa-kaffa da su a jikinsu yake. Akuya tana tsaye kan ƙafa huɗu, hancinta nesa da ƙasa, in wari ya dame ta ta yi atishawa ta koma gefe. Maciji kuwa duk tsawon cikinsa a kan daɓen yake kwance, dare da rana. Yawancin macizai huhu ɗaya ne ke musu aiki, na dama, kuma ba su da tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki, don haka ba sa iya tari su fitar da abin da suka shaƙa. Harshen da yake ta fitarwa yana mayarwa, ƙamshi da warin wurin yake ɗebowa yana kai wa wata gaɓa a rufin bakinsa, wato duk abin da aka shafa a bangon akwati sai ya shiga bakinsa. Kunkuru shi kuma a kaskon ruwansa yake sha, a nan yake jiƙa, sau da yawa a nan yake kashi. Ga shi jikinsu na aiki a hankali, gubar da ta shiga tana daɗewa ba ta fita ba. Akwatin gardi kuma a rufe yake wuni, sai ƴan hujojin iska.

Waɗanda ba a kusantar da su

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar iya karatun kwalba. Ɗiga maganin a bokitin ruwa ka duba. In ka ga ɗigon ya nutse yana baɗewa, ruwan ya rikiɗe ya yi fari kamar an dama nono, to mayar da murfin, ba na wannan aikin ba ne. Girezil, wanda ake rubuta Crésyl a jikin gwangwaninsa, da Izal, da Dettol, duk haka suke yi, kuma duk dangin sinadarin fenol ne. Fenol yana ratsa fata, yana kama katako ya zauna a ciki, kuma ko an ɗauraye warinsa na ci gaba da tashi, musamman idan akwatin ya ɗumama. Haka ma magungunan goge daɓe masu ƙamshin itacen fayin. Mutane suna ganin tunda ana zuba Dettol a ruwan wankan jego ai ba shi da illa. A ƙasar Ostareliya da shi mutane suka riƙa fesa wa wasu manyan kwaɗi da aka shigo da su a 1935 suka addabi ƙasar, kuma yana kashe su ta fata, har a 2011 hukumar muhalli ta jihar Yammacin Ostareliya ta hana yin hakan don gudun cutar da sauran namun daji. Abin da ake kisan kwaɗo da shi ba a wanke makwancin damo da shi.

Sai kuma waɗanda ma ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne, maganin ƙwari ne, amma ana gwama su saboda duk "magani" ake ce musu. Fiya-fiya, Sniper, hodar Rambo, kafur, turaren sauro, kananzir, baƙin mai. Gardi ya buɗe akwati ya ga ƙananan ƙwari baƙaƙe suna yawo a gefen idon macijinsa, ko mai kunkuru ya ga kaska a hammatarsa, sai a ɗauko fiya-fiya a yayyafa. Garin neman gira a rasa ido. Yawancin waɗannan jijiya suke kamawa, za ka ga maciji yana murɗewa, yana kifewa ta baya ya kasa juyowa. Kaska da hannu ake cire ta, a kama ta daf da fata da ɗan hantsaki a ja a hankali. Wani abin da ya kamata duk makiyayi ya sani, allurar ibamektin da ake yi wa shanu da tumaki don tsutsa da kaska, wadda aka fi sani da Ivomec, tana shanye jikin kunkuru ta kashe shi ko da kaɗan ce. A ƙasar kiwo irin tamu, inda kusan kowane gida akwai ragowar kwalbarta a saman katanga, wannan kuskure kusa yake ƙwarai.

Har kayan aikin ma a lura da su. Daga Galmi zuwa fadamun Ƙonni noman albasa ne, kuma inda ake noman albasa akwai famfon feshi da jarkokin maganin ƙwari da suka ƙare. Irin wannan jarka ba ta wankuwa. Kada a haɗa ruwan wanki a cikinta, kada a ari famfon feshin gona a ce za a fesa jabel da shi. A sayi sabon bokiti da soso da buroshi, a yi musu alama, su zama na dabbar kaɗai.

Jabel, da awonsa

In za a bi ta tawa, jabel ne zaɓin mai ajiye irin wannan dabba a yankinmu. Yana da araha, akwai shi ko'ina, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ake tsoro, sannan idan aka ɗauraye aka shanya yana tafiya gaba ɗaya, ba ya maƙalewa irin na fenol. Shi ma guba ne in an yi ganganci. Abin da ke raba amfaninsa da cutarwarsa shi ne awo, da lokaci, da ɗauraya.

A sayi wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba. Sannan a duba ƙarfinsa, domin mu ƴan bakin iyaka rubutu iri biyu muke gamuwa da shi. Na Najeriya, irin su Jik da Hypo, da kaso ake rubutawa, yawanci kashi 3.5 cikin 100. Na ɓangaren Faransanci sau da yawa da digiri ake rubutawa, ka ga 8° ko 12°. Digiri ɗaya kusan kashi 0.3 ne, don haka mai 12° ɗaya yake da Jik, mai 8° kuwa bai kai shi ba, wajen kashi 2.5 ne. Abin da ake nema a cikin bokiti shi ne ruwa mai ƙarfin kashi 0.1 zuwa 0.2. A aikace, idan Jik ne ko Hypo ko mai 12°, awo ɗaya na jabel, awo 20 na ruwa. Idan mai 8° ne, awo ɗaya, ruwa 15. Mai ƙaramin akwati ya ɗauki gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, ya zuba mililita 75 na mai ƙarfin, wato cokalin cin abinci biyar, ya cika da ruwa. Da yake cokulanmu ba girmansu ɗaya ba, sirinji marar allura daga farmasi ya fi gaskiya. Wanda ya samu garin kulorin irin na ma'aikatan lafiya, mai kashi 65 zuwa 70, cokali ɗaya shafaffe, giram 15, ya ishi lita 10. Ƙwayar Aquatabs kuwa don ruwan sha aka auna ta, ba ta da ƙarfin wannan aikin.

Zuba shi tsagwaronsa ba ya ƙara tsabta, sai dai ya ci hannu, ya ci ƙarfe, ya bar tururin da zai ƙona huhun dabba. Da ruwan sanyi ake haɗawa, kuma na ranar kaɗai, domin da zarar an sirka shi ya fara sanyi, kafin gobe ba a da tabbacin ƙarfinsa. Ko wanda ke cikin kwalba zafi da rana suna karya shi. Jabel ɗin da ya yi watanni a kan tebur a tsakiyar kasuwa, ranar Afrilu na dukansa, ko wanda ake ɗurawa a gorar lemo ana sayarwa ba takarda, ba ka san me ka saya ba. A nemi mai hatimi daga shago mai inuwa, a ajiye shi a ɗaki, can sama inda yara ba sa kaiwa.

Kada a gauraya shi da komai. Jabel da ruwan batir ko maganin wanke masai mai asid ko ruwan kal, hayaƙin kulorin suke tayarwa. Jabel da amoniya su ma suna ba da wani hayaƙin mai ƙona ƙirji. Wannan ne ma ɗaya daga dalilan da suka sa ba a kwarara shi kai tsaye a kan tulin kashi da fitsari.

Yadda aikin ke tafiya

Da safe ake farawa, don rana ta samu yin nata rabon. Abu na farko a fitar da dabbar. Maciji a sa shi a wani bokiti mai murfi da hujoji, ko buhun yadi mai ƙarfi da aka ɗaure bakinsa, a ajiye a inuwa mai kauri. A nan wasu ke yin asara: su bar bokitin a gindin katanga, inuwa ta gusa suna can suna wanki. A bazarar Ƙonni, inda zafi ke wuce digiri 40, rufaffen bokiti a rana yana kashe maciji kafin a gama shan shayi na farko. Kunkuru kuwa a kewaye shi a wani lungu da ƴar ciyawa.

Sai a kwashe duk abin da ke ciki, yashi ko tsumma ko ciyawa, a kankare kashin da ya bushe. Kashin maciji yana zuwa da wani farin abu mai kama da alli, wanda shi ne fitsarinsa, kuma yana kama katako ƙam. A jiƙa shi tukuna sannan a kankare, kada a goge shi a bushe ƙurar ta tashi a shaƙa. Daga nan a wanke da ruwa da sabulu, sabulun sanda ko omo, a bi kusurwoyi da buroshi, a bi ƙarƙashin murfi da wajen ƙusoshi. Wannan mataki shi ne mafi yawan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Jabel ba ya wanke datti. Da ya gamu da kashi ko majina ko ragowar nama, a kansu ƙarfinsa ke ƙarewa, ƙwayar cutar da ke ƙarƙashi tana nan lafiya lau. Akwatin da aka wanke tas da sabulu aka shanya a rana ba tare da magani ba ya fi wanda aka kwarara wa magani a kan ƙazanta.

A ɗauraye sabulun, sannan a shafa ruwan jabel ko'ina har wurin ya jiƙe sharkaf. A bar shi minti 10 cur, a duba agogon waya, kada a yi ƙiyasi. In wani gefe ya bushe kafin lokacin, kamar yadda ake gani da iskar hunturu, a ƙara jiƙawa. Kwanon ruwa da duwatsu a nutsar da su cikin bokitin. Bayan minti 10 a ɗauraye da ruwa mai yawa, sau biyu ko uku, kwanon sha ma fiye da haka. A kifa komai a rana, murfi a buɗe, har ya bushe ƙayau. Kafin a mayar da dabbar, sa kanka cikin akwatin ka shaƙa. In ka ji ko burbushin warin jabel, ba a gama ba, a sake ɗaurayewa a sake shanyawa. Kuma a bar akwatin ya huce a inuwa, domin katako da ƙarfen da suka sha rana suna ƙona ciki.

Shimfiɗar da za a mayar ta zama sabuwa. Tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe ɓangarenta na waje tana da kyau ga maciji, don ana ganin kashi nan da nan a canza. In yashi ne, a ɗebo daga wuri mai tsabta, nesa da gonar da ake feshi da kuma juji, a baza shi a rana kwana ɗaya ko biyu.

Matsalarmu ta gaske ita ce yawancin kayanmu masu shan ruwa ne. Roba da gilashi da tasa suna wankuwa sarai. Akwatin katako, kwandon kaba, ƙwarya, kaskon yumɓu, buhu, duk suna tsotse ƙazanta su kuma tsotse magani. Kasko da duwatsu gara a tafasa su a tukunyar da ba a girki da ita, su yi kamar minti 15 suna tafasa, shi ke nan ba a bukatar wani magani. Buhu da tsumma su ma a tafasa, ko a ƙone a sake wasu. Kwando da ƙwarya ba su da tsadar da za a yi ta lallaɓa su, idan dabba ta yi ciwo a ciki wuta ce maganinsu. Akwatin katako kuwa, in ba za a rabu da shi ba, a kwarara masa tafasasshen ruwa bayan sabulu, a yi masa jabel, a ba shi kwana biyu a rana maimakon wuni ɗaya. Gardin da ke da hali ya yi akwati biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Wanda ya fi haka dabara ya shimfiɗa farantin roba a gindin akwatin, wanda za a zaro a wanke kullum.

Makwancin kunkuru daban yake, tunda ƙasa ce. Ba a kashe ƙwayar cuta a cikin ƙasa da jabel, asarar kuɗi ce kawai. Abin yi shi ne a kwashe kashi kullum da safe, a share ragowar ganye da ɓawon kankana kafin su yi fumfuna, sannan lokaci-lokaci a kankare saman ƙasar wajen da yake ci da wajen da yake kashi, kamar zurfin yatsa, a zubar a kawo sabuwa. Inda fili ya samu, a raba shi biyu, a bar rabi ya sha rana mako biyu ba kowa. Ramin da ya haƙa, inda yake fakewa daga zafin bazara da sanyin dare, kada a zuba komai a ciki, ko toka ko farar ƙasa, domin suna cin ido da fata. Kaskon ruwansa ne wurin da cuta ke taruwa, shi ake wankewa kullum. Tunda zancen ya zo, ƙoƙon bayansa ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya. Masu huda gefensa su ɗaura igiya, da masu shafa masa fenti ko man shanu don ya yi sheƙi, ba gata suke masa ba. Ruwa da buroshi mai laushi sun wadatar.

Wanda ya je Tawa ko Maraɗi ko Sakkwato yana iya samun wasu magungunan a farmasi ko shagon likitan dabbobi. Kulohezidin ba shi da wari mai cutarwa kuma ba ya cin ƙarfe. Mai kashi 2 ana sirka awo ɗaya da ruwa 40, yana da kyau ga gogewar yau da kullum, amma bai kai jabel faɗin aiki ba, kuma ba a jiƙa dabba a cikinsa. Savlon yana ɗauke da shi, amma haɗe da wani sinadarin, don haka ba shi ake nufi ba. Virkon S da masu gonar kaji ke amfani da shi, giram 10 a lita ɗaya, yana aiki sosai, kuma idan launinsa na ruwan hoda ya kwashe an san ya mutu. Shi ma a ɗauraye bayansa. Akwai F10SC na Afirka ta Kudu, wanda gidajen namun daji da masu kiwon macizai a ƙasashe da yawa suka yarda da shi, ana sa mililita 2 zuwa 4 a lita, sai dai samunsa a nan wuya. Betadin kuwa na rauni ne a jikin dabba, a sirka shi har ya yi launin shayi marar kauri, ba na wankin akwati ba.

Ga gardawa akwai ƙarin magana, kuma na san ba kowa zai so jinta ba. Cire haƙoran dafi ba ya mai da maciji marar haɗari, domin wasu na tsirowa a madadinsu, haka halittarsa take duk tsawon rayuwarsa. Ranar wanki ita ce ranar da hannu ya fi kusantar baki, hankali kuma yana kan soso. A fitar da shi da sanda mai ƙugiya, a tabbata murfin bokitin ajiya ya kama, a kori yara. Kumurci mai tofi yana feso dafi ya kai mita biyu, kuma ido yake nema. Dafin da ya tofa a bangon akwati yana bushewa ya zauna, in aka kankare shi a bushe ya shiga ido ko hanci ko wani tsagin hannu. A sa tabarau da safar hannu ta roba, a jiƙa kafin a goge. In dafi ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, sannan a nufi likita. In sara ne, ko na kasa ko na kububuwa, ba tsaga ba tsotsa ba ɗaure gam, a hau babur zuwa asibitin Ƙonni ko na Galmi, duk wanda ya fi kusa, ko da mutum ya sha maganin gado.

Ba kullum ake wannan babban wankin ba. Kashi a kwashe shi ranar da aka gan shi, ruwa a canza kullum, babban wanki da jabel sau ɗaya a wata ya isa, sai in dabba ta yi ciwo ko ta mutu, ko za a sa wata a wurinta. Da damina, da laima ke hana komai bushewa, a matso da shi kusa. Maciji mai shirin saɓa, wanda idonsa ya yi fari-fari, a ƙyale shi har ya gama. Sabuwar dabba kuma kada a haɗa ta da na gida sai ta yi wata uku ita kaɗai, da nata kwanon da nata soson, kuma ita ake yi wa hidima a ƙarshe. Amurka ta hana shigo da kunkurun nan namu a shekarar 2000 saboda kaskar da ke zuwa a jikinsa tana iya ɗauke da cutar da ke kashe shanu da tumaki. Mai garke a gida ya fi kowa dalilin duba hammatar sabon kunkuru.

Akwai cuta ɗaya da jabel ba ya iya mata, ana kiranta kiriptosiporidiyom. Macijin da ya kamu yana haɗiye abinci ya amayar bayan kwana biyu ko uku, tsakiyar jikinsa ta kumbura, sauran jikin yana ramewa. Ƙwan cutar yana da ɓawo mai tauri da kulorin ba ya fasawa, amma tafasasshen ruwa da bushewa suna kashe shi. In an ga waɗannan alamu a ware dabbar, a nemi likitan dabbobi a ma'aikatar kiwo, a ƙone duk abin da ke ƙonuwa, a tafasa sauran.

Rabin amfanin wannan wanki na mutanen gidan ne. Macizai da kunkuru da damo suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu, su ba ta dame su, amma a jikin mutum zawo ce da zazzaɓi, a jikin jariri kuwa tana iya kaiwa ga jini. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkurayen da ba su kai inci 4 ba, wajen santimita 10, tun 1975, don yara na sa su a baki. A gidajenmu kunkuru yana yawo a tsakar gida, ya bi ta kan tabarmar da yaro ke rarrafe, ya leƙa kwanon da aka kife. Ba a raba shi da cutar, wanka ko magani ba sa fitar da ita, sai dai a raba hanyarsa da ta abinci. A yi masa shinge nesa da madafa da randa. Yaron da bai kai shekara 5 ba, da mai ciki, da tsoho mai rauni, kada a ba su aikin kwashe kashi ko wankin kasko. Kada a wanke kayansa inda ake wanke-wanke, kada a ɗebi ruwa daga randa da moɗar da ta taɓa kaskonsa. Ruwan wankin a haƙa ɗan rami a zuba, nesa da rijiya da lambun zogale, a rufe da ƙasa. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya bi ƙarƙashin farce, kafin ya taɓa buta ko ya sa hannu a akushi.